Bututun Malbaza daga Bakin Baraj

Ina tsakar gida a Illela ina tankaɗen gero, maƙwabciyata ta shigo da salular mijinta a hannu, ta ce daga Konni ne. A shekarun nan salula ba ta yi yawa ba, duk unguwar tasu muke ara. Na kara a kunne. Wata murya da ban sani ba ta ce ɗan kawuna, direban kamyo, wato babbar motar kaya, Allah ya yi masa rasuwa da hantsi.

Dariya na yi. Na ce, "Ka ce masa na ji. In ya gama mutuwar ya aiko mini da albasar da ya yi alkawari."

Aka karɓi salular a can. Sai na ji muryar matarsa, a dushe. Ta ce, "Yaya, ki taho." Nan na nemi wuri na zauna.

Kada a ga laifina. Taubashina ne, mahaifinsa ƙanen innata. A wurinmu taubasai ba sa gaya wa juna magana ta gaskiya in dai akwai ta tsokana a kusa. Ya taɓa aiko mini cewa babban baƙo na tafe daga Tawa, in shirya. Na sa aka yanka zabo, na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Da azahar sai ga shi shi kaɗai, ya wanke hannu ya cinye zabon, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Tun muna yara muke gardama ɗaya. Shi ɗan namiji ne, ni ɗiyar mace, don haka wai ni baiwarsa ce. Ni kuwa na ce innata ce ta goyi ubansa, saboda haka duk abin da uban ya haifa bawana ne. Har muka yi aure muka haihu ba a yanke wannan shari'a ba.

Maganar bututu a wani suna ta taso, a gidanmu na Konni. Duk wanda ya bi titin gabas ya san bututun hayaƙin kamfanin siminti na Malbaza. Fasinja na gyangyaɗi, da ya hango shi sai ya gyara zama, ya san gida ya yi kusa. A can taubashina yake ɗaukar kaya, yana kuwa maganar bututun kamar shi ya gina shi. Ran nan ya ce in mutum ya hau ganuwar baraj, madatsar ruwan da ke bayan gari, ya bi ta har ƙarshe inda wani gawo yake, zai hango bututun.

Na ce, "Daga Konni? Ko da idon shaho ka zo duniya."

Ya ce, "Baiwa, ke mi kika sani? Ko lakwal, makarantar boko, ba ki ƙare ba."

"Kai da ka ƙare, ba ga ka nan kana dakon buhu ba?"

Inna ta ce mun ishe ta. Ta ce mu tafi mu duba, wanda ya faɗi ya durƙusa gaban dangi ran Sallah ya kira ɗaya ubangida ko uwargijiya, a huta. Matarsa aka naɗa shaida.

Washegari muka tafi mu uku. Ƙarshen damina ne, baraj ya cika ya batse. Hanyar saman ganuwa faɗinta bai wuce na amalanken jaki ba. Ta dama ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, balbelu sun yi fari a kan busassun itatuwan da ke tsakiyarsa, masunta biyu na jan koma. Ta hagu, a ƙasa, dawa ce ta sunkuya da fangalin irin albasa kore shar. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwan. A Konni aka haife ni, amma ban taɓa hawa wurin ba. Ya yi mini kyau ƙwarai. Ban faɗa ba, don kada ya ɗauka yabonsa nake yi.

Shi yana gaba da baƙin tabarau na direbobi, yana nuna mana wurare da makullin mota. Matarsa na baya da kwanon dambu a ka.

Ya ce, "Ruwan nan duk nawa ne. Aro na ba gwamnati."

Na ce, "Shi ya sa yake warin kwaɗi."

Muka iske wani dattijo yana ban ruwa a fangalinsa. Taubashina ya leƙa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, don Allah gaya wa yarinyar ga, ba a hangen bututun Malbaza daga gawon can?"

Dattijon ya miƙe yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Ni ƙasa nake kallo, ɗana. Albasa ba ta tsirowa a sama." Ya dube ni, ya dube shi. "Mi ke tsakaninku?"

Matarsa ta ce, "Taubasai ne, Baba."

"A'a. Ku yi gaba. Ba ni cikin wannan shari'a."

Gab da gawon ganuwa ta yanke. An yi wata mashiga ta siminti inda ruwa ke tsallakewa in baraj ya cika, ranar kuwa yana zuba da ƙarfi, ya kai gwiwa, ƙasan duk gansakuka. Gawon na tsaye a ƙetare, ba ganye ko ɗaya, kamar yadda gawo yake yi da damina.

Taubashina ya tuɓe takalmi ya miƙa mini. Ya ce, "Riƙe wa ubangidanki." Na ajiye su a ƙasa na taka ɗaya. Ya naɗe wando ya shiga, yana taku a hankali yana bayani cewa direban da ya ratsa gulbi da tan-tan na siminti ba ya tsoron wannan ɗan fitsarin ruwa. Bai rufe baki ba santsi ya kwashe shi. Ya zauna daɓas, ruwa har ƙirji, tabarau ya bi ruwa ya tafi ban ruwan albasa. Matarsa ta sauke kwanon dambu don kada dariya ta zubar da shi.

Da rarrafe ya ƙarasa. Ya tsaya gindin gawo yana ɗiga, ya kare ido da tafin hannu ya dubi gabas.

"Ga shi can! Har hayaƙi yake yi! Ki taho ki gani!"

Na ce, "Wani ne ke ƙona ciyawa!"

"Ki taho mana!"

Na dubi sabuwar atamfata ta suna, na dubi wandonsa. Na ce uwargijiya ba ta shiga ruwa, ya je ya nemo jaki. Ya juya ga matarsa. Ta ce ita shaida ce, ba kifi ba. Ta yanke cewa tunda shaida ba ta gani da idonta ba, an ɗage shari'a sai ruwa ya janye.

Ya dawo ya zauna kan dutse yana shanya kansa, muka ci dambu. Ya ce, "In ya janye da kaina zan zo Illela in ɗauko ki. A baya za ki zauna, cikin buhuna."

Na koma Illela. Sanyi ya shiga. Yana ta kan hanya, ni ma ina ta hidimar gida. Sai ga kiran nan na salula. Zazzaɓi ne, aka ce, na 'yan kwanaki.

A zaman makoki tsofaffin gidanmu suka yi ta kallona. Al'ada ce, ko a ranar mutuwa taubashi ba ya barin tsokana, kuma ni suke jira. Da ƙyar na ce, "Gudu ya yi. Ya san ba a hangen komai." Inna ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. Matarsa ta jawo hannuna. Ta ce ranar da aka kai shi likita ya ce a gaya wa baiwarsa ruwa ya janye.

Da ta fita takaba muka koma baraj, ni da ita, da bazara. Ruwan ya ja baya can nesa. Mashigar ta bushe ƙarau, awaki na ratsa ta. Gawon ya yi ganye. Sama ta yi fes, babu gajimare.

Ta ce, "Yaya, mu tsallaka?"

Na tsaya daidai inda na taka takalminsa. In na hango bututun, ban san gaban wa zan durƙusa ba. In ban hango ba, babu mai durƙusa mini. Na ce rana ta yi zafi, mu dawo wata rana. Ba ta musa ba.

Har yau ban tsallaka mashigar nan ba, kuma ban san ko ana hangen bututun daga gindin gawo ba.