Irin da Yaya Umaru Ya Raba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Umaru makwancinsa a Augie, har yau in na ji an ce "ingantaccen iri" sai raina ya ɓaci.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara kawo irin shinkafa mai aure, wanda ake ce wa ingantaccen iri, fadamarmu, daga wani shago a Birnin Kebbi. Shekarar farko gonarsa ta yi kyau har masu babur na tsayawa kallo. Da aka yi girbi sai ya yi abin da muka gada: ya ware iri ya raba wa maƙwabta kyauta. Mai shago bai faɗa masa wannan irin ba a maimaita shi ba.

Shekara ta zagayo, gonakin mutane suka fito a hargitse. Wata doguwa, wata gajera, wata ta nuna tsuntsu na ci, wata ko ciki ba ta ɗauka ba. Aka ce Umaru ya gauraya musu da tsohon iri don kada su kamo shi. A bakin masallaci maƙwabcinmu Ɗanjuma ya ce, "Umaru, mi munka yi ma? Da ka hana mu da ya hi." Yaya ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe. Suka sa masa Mai Gauraye. Ya daina fita majalisa, ciwon ajalinsa a cikin gida ya same shi.

Bana wani malamin gona a Argungu ya ce yanzu akwai gwajin DNA. Ƙwaya ake ɗauka a duba, a san uwar iri da ubansa, a san ko an gauraya, tun ba a shuka ba. Ya kuma ce iri mai aure, ko hannu bai taɓa shi ba, haka yake rarrabuwa a shuka ta biyu. Ni a aji huɗu na tsaya, amma na gane: wana bai ci amanar kowa ba.

Da yana raye, shi zai fara kai nasa a gwada. To, ina irin yake yanzu?

Na tare Ɗanjuma na faɗa masa. Ya ce, "To, Allah shi jiƙai nai. Abin ya wuce." A wurinsa ya wuce. Yaran Umaru har gobe 'ya'yan Mai Gauraye ake ce musu.

Abin da ya rage na Yaya a unguwarmu ɗaya ne: ba mai ba wani iri kuma. Ranar da Ɗanjuma ya aiko in taimaka masa da tiya guda ta iri, na ce ya je kasuwa ya saya. In ta ɓaci, ya je ya zagi na'urar gwajin.