Ɗiban Wuta a Gidan Inna Lami

Ranar da aka miƙo mini makullin ɗakin nan, matar da ke kula da gidan ma'aikata ta zaga da ni tana nuna mini kaya, kamar ana nuna wa 'yan ganin ɗaki jeren amarya. Ga gado a shimfiɗe, ga firji yana ta gurnani, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga tukwane da cokula, har da gishiri da sukari da ganyen shayi a cikin kabad. Murhun kuwa wani baƙin faranti ne na lantarki, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Ta nuna mini wani farin abu a manne a sama, ta ce da ya ji hayaƙi zai kwarma ihu ya tara mini jama'a, saboda haka ko turaren wuta kada in kuskura. Sannan ta yi murmushi ta ce, "Komai akwai. Ba sai kin nemi komai wurin kowa ba."

Don ta faranta mini rai ta faɗa, baiwar Allah. Ni kuwa na taɓa jin wannan magana tun ina yarinya, a bakin kakata, a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Tafoki.

Aikin jinya ne ya kawo ni ƙasar Saudiyya, asibitin da ya ɗauke ni shi ya ba ni ɗakin. Amma kafin in zama nas, ni Hinde ce, jikar Iya, wadda aka fi aike a duk gidan saboda wai ina da ƙafa.

Iya ba ta tatsuniya da damina, ta ce wanda ya wuni a gona ba ya buƙatar ƙarya kafin ya yi barci. Sai an kai dawa rumbu, sanyi ya fara saukowa, sannan bayan isha'i za a tara kara a hura a tsakar gida. Mu zagaye wutar, kowa ya cusa gyaɗarsa cikin toka. Ita tana kan tabarma, ƙafafu a miƙe, tana tsince auduga a faifai, ba ta ko kallonmu. Sai ta ga mun gaji da roƙo, sannan ta yi gyaran murya ta ce, "To, ga wata nan ta iso ƙohwar gida tana sallama." Mu ce, "Ta shigo, Iya, ta shigo!"

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Wadda ta zauna mini daram ita ce ta Dela mai kaɗi.

Wai Dela mace ce da zarenta ya fi na kowa laushi, har labarinsa ya kai wani gari can bayan manyan koguna. Wani attajiri na garin ya aiko aka tafi da ita don ta riƙa yi masa kaɗi. Da ta isa, ya ba ta gida nata na kanta. A gidan akwai randa da ba ta ƙafewa, da tukunya da ke cika kanta da tuwo, da wuta a murhu wadda ba ta cin itace, ba ta hayaƙi, ba ta mutuwa. Attajirin ya ce mata, "Komi akwai, ba sai kin roƙi kowa komi ba." Nan Iya kan ɗago kai ta dube mu ta ce, "Ku kun so irin gidan nan ko?" Mu ce ƙwarai kuwa! Ta ce, "Ja'irai, raggwaye."

Dela ta zauna tana kaɗi. Duk ranar kasuwa bawan attajiri ya zo ya ɗauki zare ta taga, ya ajiye auduga, ya tafi. Maƙwabtanta ma kowa irin gidan gare shi, don haka ba mai leƙa wani. Ba ta san sunan kowa ba, ba wanda ya san nata. Kwanci tashi, sai zazzaɓi ya kayar da ita. Ta yi kira, ba amsa. A garinsu da an ga hantsi ya yi hayaƙi bai tashi daga gidanta ba, da tuni an tsallako danga. To, nan wa zai duba hayaƙi a garin da wuta ba ta hayaƙi?

Ƙarshen labarin ya danganta da yadda Iya ta wuni. Ran da aka ɓata mata rai, sai ta ce da bawan ya gaji da ganin taga ba zare, aka ɓalle ƙofa, ba a tarar da komai ba sai mazari da tulin auduga, wuta kuma tana ta ci abinta. Mu kwanta jikinmu a sanyaye. Ran da take cikin nishaɗi kuwa, sai ta ce Dela ta ji sauƙi, ta rarrafa ta ɗebo ruwa a randa ta sheƙa wa wutar nan har ta mutu murus, ta ɗauki tsingaro ta fita ta tsaya ƙofar maƙwabciya ta ce, "Salamu alaikum, a sam mani wuta." Daga nan Iya ta karkaɗe zaninta ta ce, "Na sauke ta nan, mai so shi ɗauka."

Ni wannan ƙarshen haushi yake ba ni. Na ce, "Iya, ai wauta ce. Tana da wutarta, don me za ta kashe?"

Ta ce, "Don ta samu abin roƙo mana."

"Roƙo abin so ne?"

"Ke dai ci gyaɗarki, ta ƙone."

Haushin nawa yana da dalili. Kullum da sassafe ni ake tasa in ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, in tafi ɗiban wuta gidan Inna Lami. Gidanta yana can ƙarshen unguwa, sai an ratsa wata 'yar gona, raɓa ta jiƙe mutum har gwiwa. Inna Lami Bamagujiya ce da ta koma bin coci, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Zariya, ita kaɗai ce a gida sai awaki. Ga ta da faɗa kamar me. In ka ce mata "Inna, ya jiki?" sai ta ce, "Uban wa ya ce maka ban da lahiya?" An taɓa kai mata tuwo don tausayi, ta juye wa kaji a gaban ɗan aiken. Amma in na yi sallama na ce Iya ta ce a sam mata wuta, sai ta hau mita tana tona murhu: "Wannan kakar taki, har ta tsuhwa ba ta iya rufe garwashi da toka ba? Kawo nan." Ta zuba mini garwashi, wani lokaci ta haɗa mini da ɗan ƙulli na gurjiya. In dawo ina hurawa, Iya ta ce, "Kin iske ta tsaye?" In ce eh. Ta ce, "Ta yi hwaɗa?" In ce sosai. Ta ce, "Madalla."

Wata rana ina neman allura a cikin kwallar Iya, sai ga kwalin ashana, cike, an naɗe shi a tsumma. Kai, ranar na ji kamar in yi kuka. Na fito da shi a hannu na ce, "Iya, ashe kina da ashana kike tura ni cikin raɓa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta karɓe ta mayar ta ce, "Ashana ta iya kunna wuta. Ta iya hwaɗa mani ko Lami ta kwana lahiya?"

Na ce to ai sai a aike ni in gaishe ta kawai.

Ta ce, "Ki je gaisuwa ta koro ki. Mutum irin Lami ba a zuwa mashi da tausai. Da hannu biyu ake zuwa, a roƙe shi."

Ban gane ba a lokacin, na dai ci gaba da zuwa ina ƙunƙuni. Shekaru suka wuce, na tafi makaranta, wata ƙanwata ta gaji tsingaron. Daga baya ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, ƙauyen ya watse. Ɗan Inna Lami ya zo ya tafi da ita Zariya tana zage-zage, mu kuma muka koma cikin Faskari, ɗakin haya. Kawuna ya sayo wa Iya ɗan murhun gas don ta huta. Ba ta taɓa kunna shi da hannunta ba. Kullum da safe sai ta zauna bakin ƙofa tana kallon hanya, ba ta da inda za ta aika kowa. Ba ta ga wata kakar ba, Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

To, ga ni a ɗakin Dela. Da safe motar asibiti ta kwashe mu, da yamma ta dawo da mu, kowa ta shige ɗakinta ta ja ƙofa. Dogon baranda ne, ƙofofi iri ɗaya a jere, mata daga ƙasashe daban-daban, in an haɗu a matakala a ɗan yi murmushi a wuce. Ba zakara, ba daka, ba kukan yaro. Nakan kunna famfo in bar shi yana zuba don kawai in ji motsin wani abu. In na kira gida, in ce musu lafiya lau, har in juya waya in nuna musu firjin, su yi ta sa albarka. Me zan ce wa mutanen da ke kwana su da yawa a ɗaki ɗaya? In ce wuri ya yi mini yawa?

Ana nan, a ranakun hutuna, zazzaɓi mai zafi ya rufe ni. Na san maganin, yana nan cikin jaka a kan tebur, amma ƙafata ta ƙi kai ni. Waya ta mutu, abin cajin yana can gefe. Ina kwance ina jin takun mutane a baranda, suna zuwa suna wucewa. Na yi kira, muryar ko ƙofa ba ta kai ba. A asibiti ba a neme ni ba tunda hutu nake, a gida kuma sun saba in yi shiru in aiki ya yi yawa. Firji yana gurnaninsa, 'yar jar fitilar murhu tana ci. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ran da muka gudo daga ƙauye, don ranar aƙalla hannuna yana cikin na wani. Na ce yanzu in Allah ya karɓi raina a nan, sai ranar komawa aiki za a ce ina Hinde.

Allah ya sa da sauran kwana. Da na iya miƙewa, na tsaya gaban murhun nan na rasa ta inda ake sheƙa masa ruwa. Sai na ɗauki ƙaramin kofi, na rufe kabad a kan gishirina, na fita na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tawa.

Wata Ba'indiya ce ta buɗe, dattijuwa mai furfura, nas ce ita ma, na sha ganinta a mota ba mu taɓa magana ba. Da Turancinmu na asibiti na ce, "Mama, a taimaka mini da gishiri." Ta dubi kofin, ta dube ni, ta koma ciki. Sai ga ta da leda guda, sabuwa, ko buɗewa ba a yi ba. Ta danƙa mini ta ce in riƙe duka, tana da wani. Ta rufe ƙofa a hankali.

Na dawo ɗaki rungume da gishirin da zai kai ni shekara. Na zauna bakin gado na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mutuniyar kirki, ta yi mini alheri, ta kuma toshe mini hanyar komawa.

Amma ni jikar Iya ce, ba a kora ta da sauƙi. Washegari na mayar mata da ledar, na ce cokali ɗaya ya ishe ni. Kashegari na sake zuwa da kofina. Ta fara yi mini kallon marowaciya, daga baya kallon wadda kanta ba daidai ba. Har ta taɓa yi mini kwatancen kanti, da faɗa-faɗa, tana nuni da hannu. Na ce a raina, madalla, ta yi faɗa. Ban fasa ba. Kullum kafin mota ta zo, in ƙwanƙwasa, ta buɗe tana mita da yarensu, ta zuba cokali ɗaya, in yi godiya in juyo. Ban san ko 'ya'ya gare ta ba, ba ta san daga ina na fito ba. Ban ce mata komai game da Dela ba, da wane baki zan fara?

Yanzu da na girma nake ganin abin da Iya ta sani. Da ina zaton Inna Lami kaɗai ake dubawa da tsingaron nan. Ban lura ba cewa ita ma Inna Lami, ran da hantsi ya yi ba ta ga ɗan aike ba, za ta san ba lafiya a gidanmu. Ashe Iya ma, kanta take nema wa mai cigiya, ta kuma bar wa tsohuwar girmanta. Kaɗaicin nan bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Har yau in na shigo na ja ƙofa, shirun yakan danne ni, in tuna tsakar gidan da yanzu ciyawa ta cinye.

Ran nan aka canza mini lokacin aiki, na dawo a gajiye na kwanta, barci ya kwashe ni har rana ta ɗaga. Cikin barci na ji ana buga ƙofa, da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa buga mini ƙofa ba. Na taso a firgice na buɗe. Ita ce, cikin kayan aiki, jaka a kafaɗa, motar asibiti na ta yi mata oda a ƙasa. Fuskarta a murtuke, hannunta riƙe da cokalin gishiri, ta tare ƙasansa da ɗaya hannun kada ya zube.

Ta ce, "Yau ba ki zo ba."

Gishiri na nan cike da kabad a bayana. Na haɗa tafin hannuna biyu na miƙa mata.