Ƙullin da Yelwa Ta Kai Masar

Hajiya Yelwa ta Tudun Wada ba ta iya cewa a'a ga saƙo ba. Tun tana saro atamfa tana kaiwa kasuwar Tsafe, kayan mutane sun fi nata yawa a mota, kuma ba ta taɓa kwance ƙullin kowa ba. Ni kaina na sha ɗora mata. Saboda haka da aka ji za ta Masar ganin ɗanta Mahadi da ke karatu, duk mai ɗa ko 'ya a can, daga Gusau har Bunguɗu, sai da ya kawo nasa: yaji, kuka, daddawa, har da ƙuli-ƙuli.

A filin jirgin Alƙahira aka zazzage jakarta. Ma'aikata suka sha atishawa, suka bar komai ya wuce ban da wani ƙullin garin magani a baƙar leda, babu suna a jiki. Suka ce sai an gwada ko ƙwaya ce, magana ta kai kotu.

Mahadi ne ya ba mu labarin zaman, yana dariya yana share hawaye. Wai uwar ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta gaida alƙali, ta tambayi iyalinsa da gajiyar aiki, har tafinta ya gaji ya daina fassarawa. Alƙali ya ce abu ɗaya yake so: wa ya ba ta, kuma wa za ta kai wa? In ta faɗa, laifin ya sauka daga kanta. In ta ƙi, kuma gwaji ya fito da wani abu, kurkuku ne.

Yelwa ta san mai ƙullin. Wata uwa ce ta aika wa 'yarta da ta daɗe da aure ba haihuwa, ta roƙe ta kada kowa ya ji, ko mijin.

"Ranka shi daɗe, wagga amana ta," in ji Yelwa. "Ba ni hwaɗi."

Aka mayar da ita tsare har sakamako ya fito. Mu a nan hankalinmu ya tashi ƙwarai, muna ta sauke Alƙur'ani. Ita kuwa a can ta koya wa matan ɗakin dara, ta kitsa kan wata mai gadi, har ta ƙara ƙiba.

Gwaji ya nuna sassaƙen itace ne kawai. Alƙali ya sallame ta, ta tsaya ta ce a ba ta ƙullinta, bai isa inda aka aike shi ba. Aka ba ta. Ranar da ta dawo unguwa ta cika da guɗa, kowa na zolayarta ta faɗi mai ƙullin, tana cewa ta manta.

Da shekara ta zagayo, aka yi walimar suna a wani gida a Bunguɗu, 'yarsu ta haihu a Alƙahira. An sa wa jaririyar Halimatu Sadiya, sunan yanka na Yelwa. Duk muka gane, muka ci tuwonmu, babu wanda ya ce uffan.