Direban da Baba Sale Ya Yarda da Shi

Takardar gargaɗi ɗaya ce a fayil ɗina cikin duk shekarun da na yi a filin jirgin saman Jos, kuma ban cancance ta ba. Har gobe haka zan ce.

Ku sabbin ma'aikata, da shara na fara a nan. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu, sannan aka mayar da ni mai rakiyar fasinja, wato mai kula da tsofaffi da marasa lafiya daga wurin awon kaya har ƙofar jirgi.

Ranar da ba ta fita a raina ita ce wata Laraba da aka kawo mini Baba Sale daga Dutse Uku. Tsohon direban babbar mota ne, ƙarfin rayuwarsa a hanyar Legas ya ƙare. 'Yarsa da ke can ta sama masa likitan da zai yi masa aikin gwiwa washegari da safe. In ya rasa jirgin nan, sai an sake ba shi wata ranar, ga shi ƙafar ta kusa daina ɗaukarsa.

Muna zaune a ɗakin jira ya ce, "'Yata, ƙarfe nawa za mu isa?"

Na ce, "Awa ɗaya da 'yan mintuna ne, Baba."

Ya miƙe da sandarsa. "Legas ɗin? Ni kwana biyu nake yi da kaya. Duk wanda ya yi ta a awa ɗaya mahaukaci ne. Ban taɓa shiga motar ɗan ganganci ba. A fito mini da jakata."

Na ce sama ba kwana, ba rami, ba shingen 'yan sanda, miƙewa ake yi sak. Ya ce, "Ai a miƙaƙƙiyar hanya aka fi mutuwa." 

Ana haka jirgin ya sauka. Oga, shugaban sashenmu, ya kira ni a rediyo, wai in je wurin awo, layi ya yi tsawo. Na ce, "Oga, ina da fasinja." Ya ce, "Madam Talatu, leave dat baba!" Wato in rabu da tsohon. Sau uku yana kira. Na rage muryar rediyon.

A ƙa'ida, kafin kowane tashi sai matuƙi ya sauko ya zagaya jirginsa. Na ja Baba zuwa taga, na ce, "Ga direban. Ku ne kuka san direba, ku duba mini shi."

Matuƙin ya durƙusa gaban taya, ya daɗe. Ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya leƙa bakin inji, bai ko ɗago ba.

Baba ya ce, "Kullum yake yin haka, ko don ya ga mutane?"

"Ko ana ruwa."

"To, ɗan gidan mutunci ne. Wani ya koya masa aiki. Riƙe mini sandar in gyara hulata."

Da yamma 'yarsa ta bugo ofis, ta ce ya sauka lafiya, yana ta mitar ko shayinsa bai gama sha ba. Ni kuma a lokacin ina sa hannu a takardar gargaɗin da Oga ya ba ni.

Abin da na koya shi ne, lissafin awa ba ya kwantar wa mai tsoro hankali. So yake ya ga wanda zai damƙa wa ransa. Washegari na iso kafin kowa, na jawo benci ɗaya zuwa gindin tagar nan, na rubuta da hannuna na liƙa: "Na tsofaffi ne."