Tukunyar da Ba a Sa wa Gishiri

A kicin ɗin babban asibiti akwai wata tukunya can a lungu, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, an ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Ita ce tukunyar waɗanda likita ya hana wa gishiri da mai: masu hawan jini, masu ciwon ƙoda, masu ciwon zuciya. Ludayinta daban, murfinta daban, mai kula da ita ma daban. Ma'aikata suna kiran matar Inna Ba-Gishiri, ita ma ta daɗe da daina jin haushin sunan.

Da goyo a baya ta fara aikin nan, ga shi yanzu wadda aka goya ɗin ita ma tana da nata goyon. Sauran masu girki suna soyawa suna gasawa, ƙamshi na tashi har bakin ƙofa. Inna kuwa aikinta ɗaya ne, tafasawa. Ta tafasa shinkafa, ta tafasa dankali, ta tafasa kifi har ya yi fari fat kamar an wanke shi da sabulu. Ba wanda ya taɓa aiko mata da godiya. Kwanukanta ne ke dawowa rabi, wani ma cokali ɗaya aka tsoma aka ture. Takan kankare su cikin bokitin shara, abin yana cin ta. In aka ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse, sai ta ce dutsen kaɗai ya rage ba ta dafa ba, romon kuwa har yau ba ta ga ko kalarsa ba.

Taƙamarta ɗaya ce a duniya: ba a taɓa samun ƙwayar gishiri a tukunyarta ba. Kafin ta matso kusa sai ta wanke hannu har gwiwa. Ranar da wata sabuwar ma'aikaciya ta ari ludayin ta juya miya da shi, zuciyar Inna ta tafasa fiye da abin da ke kan wuta. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar matar.

To, hannu da abin da ya saba. A gida ma Inna takan sauke girki ta manta da gishiri. Mijinta tsohon direban babbar mota ne, harshensa ya saba da abincin bakin hanya, mai yaji da maiƙo. Yana da 'yar kwalbarsa ta gishiri kusa da kujera. In ya ɗanɗana loma sai ya waiga hagu da dama ya ce, "Ke baiwar Allah, an ba ni gado ne ban sani ba?" Ita kuma ta ce, "Ci dai, Malam, masu gadon ma ba su fi ka ƙorafi ba." A haka suka tsufa.

Sai wata safiya ya tashi zai ɗauki buta, hannu ya ƙi. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi jinya a asibitin da take aiki, ya ci daga tukunyarta, wannan karon ba wanda ya yi raha. Ranar sallama likita ya dube ta ya ce, "Inna, ke ba sai an yi miki bayani ba." Da suka koma gida, abin da ta fara yi shi ne ɗauke kwalbar nan.

Malam ya daina ci. Ba faɗa, ba zagi. Cokali biyu, sai ya juya fuska ga bango. Agogonsa ya fara zamewa har tsakiyar dantse, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna ta wuni tana dafa wa baƙi abin da ba sa so, ta dawo da kumburarrun ƙafafu ta dafa wa mijinta abin da ba ya so. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya sauke ta.

'Yarsu ta zo dubiya, ta ga yadda uban ya koma, ta ja uwar gefe. "Inna, ki ɗan sa masa ko yaya ne. Yunwa ma fa kisa take yi."

"Ni za ki koya wa?" in ji Inna. "Na ga waɗanda 'yan uwansu suka tausaya wa. Na san ta ƙofar da aka fitar da su."

Ta faɗa da ƙarfi, amma maganar 'yar ta bi ta har wurin aiki. In ta sa, jini na iya hawa ya ƙarasa shi. In ba ta sa ba, ga shi yana narkewa a gabanta.

Wata la'asar ta dawo ta tarar da kwanon rana yadda ta bar shi, ko murfi ba a ɗaga ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗora ruwa, ta dafa shinkafa da kifi, ta jawo kwalbar daga bayan tukwane. Ta barbaɗa. Hannun bai san gwargwado ba, sai ta ƙara. Ta yi sauri ta mayar da kwalbar kamar ta yi sata.

Ba ta gaya masa ba, so take ta ga fuskarsa. Ta jingina shi da matashi, ta kai masa cokali. Ya tauna a hankali da ɓarin bakin da ke motsi, ya haɗiye da ƙyar. Idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Haba, baiwar Allah," ya ce, maganar na fita a karkace. "Ko ƙwaya ɗaya? Me na yi miki?"

Inna ta dubi kwanon. Ta ɗebo kaɗan ta sa a baki. Gishiri ya cije ta har sai da ta runtse ido. Ashe ciwon bai tsaya ga hannu da ƙafa ba, har harshen ya tafi da shi. Ko buhu za ta juye masa, ba zai ji ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta ga yadda ya zuba mata ido yana jira, sai ta kasa.

"Laifina ne, Malam. Gobe zan sa."

"Alkawari?"

"Alkawari."

Fuskarsa ta ɗan saki, abin da ta daɗe ba ta gani ba. "To, ba ni in ƙara, don ki ji daɗi."

Ya buɗe baki. Yau ne ya nemi abinci da kansa, kuma yau ne ba za ta iya ba shi ba. Ta janye kwanon ta rufe.

"Ya huce. Bari in sake maka wani."

Tana kicin tana ɗauraye tukunya ta jiyo muryarsa daga ɗaki. "Kada ki manta da na gobe fa."

"Ban manta ba," ta ce, tana zuba shinkafa cikin ruwan da ba komai a cikinsa.