Daɓen da na sa Sanusi ya ba ruwa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi. Da za a ce in zaɓi yini ɗaya in goge shi daga rayuwata, ba zan taɓa ranar da ya rasu ba, don wannan wa'adi ne, babu mai ja da shi. Zan zaɓi yammacin wata Asabar a Aubervilliers, a gefen Paris, ranar da na miƙa masa tiyon ruwa na ce ya shayar da daɓen da muka zuba.

Mu magina ne tun kaka da kakanni a Damagaram. Mahaifinmu da laka ya yi aiki, ni kuwa na tashi a zamanin siminti. Abu na farko da ake koya wa mai shiga sana'ar a can shi ne siminti ƙishirwa gare shi. In ka zuba daɓe sai ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya ƙoshi, in ba haka ba rana ta tsotse shi ya tsattsage. Da wannan sani na zo Faransa. Na yi shekaru ina jera bulo ina yaɓe a cikin gine-gine, babu wanda ya taɓa kushe aikina, har na ɗauka babu abin da ya rage a gwada mini.

Bayan rasuwar mahaifinmu na yi ɗawainiya har Sanusi ya iso. Shi ne autanmu, a kafaɗata ya girma. Kamfanin da ya ɗauke shi na masu daɓen waje ne, irin hanyoyin ƙafa da ake yi a ƙofar gidaje da shaguna, suka kuma tura shi koyon aiki. Yakan dawo ɗakinmu da yamma ya riƙa ba ni labari yana murna. Wai a ƙasar sanyi ruwa shi ne abokin gābar daɓe, don in ya shiga ciki ya daskare sai ya kumbura ya fasa. Wai sai an shimfiɗa tsakuwa an danne ta sosai kafin a zuba, a karkata daɓen kaɗan don kada ruwa ya kwanta, a tsaga shi gaɓa-gaɓa tun da wuri don ya san inda zai motsa. Har wani magani ake sa wa kwaɓin, mai barin 'yan ƙananan kumfa a ciki, don ƙanƙara ta samu wurin miƙe ƙafa. Nakan saurare shi kamar yadda ake sauraron yaro yana ba da labarin mafarki.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa, mutumin Chadi, Alhaji Adam, ya nemi mu gyara masa ƙofar sitonsa. Wurin nasa ne, amma duk ya zama taɓo, amalanken kaya ba sa iya wucewa. An shiga hunturu. Sanusi ya ce a bari sai sanyi ya sassauta, Alhaji ya ce kayansa na tafe, ni na ce za mu yi. Sanusi ya yi duk abin da aka koya masa, daɓe ya fito sumul, ya ja masa tsintsiya don kada ya yi santsi. Da ya fara kamawa sai ya ɗauko leda da wasu barguna masu kauri ya hau lulluɓe shi.

Alhaji na tsaye, da ma'aikatansa. Na ce, "Kai Auta, jariri muka haifa ne?"

Aka yi dariya. Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, a nan ba a ba shi ruwa. Ɗumi yake so. Yau sanyi zai sauko."

Alhaji ya ce, "To Malam Lawali, wa ke koya wa wani a cikinku?"

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta shige ni. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yaye bargunan da hannuna, na jawo tiyo na miƙa wa Sanusi na ce, "Ba shi ya sha." Ya dube ni, ya dubi mutanen, ya karɓa. Ya bi daɓen daga wannan kai zuwa wancan yana fesa masa ruwa.

Da gari ya waye ruwan ya daskare, daɓen ya zama madubi. Kafin hunturun ya fita fuskarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, tsakuwa ta fito, ƙafafun amalanke suna maƙalewa. Na ce simintin ne ba shi da kyau. Na ce sanyin shekarar ya fi na kullum. Babu wanda ya ƙaryata ni, Sanusi ma bai ƙaryata ni ba. Da ɗumi ya shigo ya je shi kaɗai ya fasa ya sake zuba wani. Ba a daɗe ba ya ce mini ya samu aiki a Lyon.

Na ɗauki tafiyar tasa butulci. Ni na kawo shi, idonsa ya buɗe, ya bar ni: haka na riƙa faɗa wa mutanen gida. Ya zauna a Villeurbanne, a gefen Lyon, ya yi aure, aka haifa masa 'ya, Mariama. Yakan kira ni duk Juma'a, ya ja gaisuwa yadda aka koya mana, ya tambayi gajiya da sanyi da ciwon bayana, ni kuwa in amsa a taƙaice. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tsakaninmu tafiyar jirgin ƙasa ce ta hantsi ɗaya, amma sai da ciwon hanta ya kwantar da shi na taka. A asibiti muka yi hirar gida, da kasuwar da mahaifinmu ke sayen igiya, da wata tunkiya da ta taɓa tunkuɗe shi cikin kwaɓin laka. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Maganar Aubervilliers ba ta fito daga bakinsa ba, ni ma na yi shiru, ina ganin shirun mutunci ne.

Yanzu na ajiye aiki. Duk shekara nakan je Villeurbanne in kwana biyu wajen iyalinsa, Mariama kuma ta zaga da ni. Ta girma, tana karatun injiniya a jami'ar da ke nan kusa da su. Ta san wuraren da ubanta ya yi aiki: ƙofar wani gidan tsofaffi, hanyar da ta ratsa tsakar gidajen ma'aikata, gangaren da aka yi wa masu keken guragu a wani ɗakin shan magani. Sun sha hunturu iri-iri, sun sha gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara, ga su nan ba su ɓare ba. Ta ce yakan roƙi masu gida kada su sa wa sabon daɓe gishiri a hunturunsa na farko, su watsa yashi kawai, har yakan koma ya duba ko sun ji. Mutane na wucewa a kai da jakunkunan cefane, babu wanda ya san sunansa, babu kuma wanda ke duba ƙasa don tsoron tuntuɓe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hunturu ya yi laushi, zafi kuma ya yi ƙarfi, har na ga ma'aikata a Paris suna fesa wa sabon daɓe ruwa da rana tsaka kamar a Damagaram. Na san zai murmusa ya ce, "Yaya, zamaninka ya zo." Ina jin kuma zai tsaya wajen samarin nan namu da ke isowa unguwar Porte de la Chapelle a Paris suna neman aikin gini, kowa da sanin da ya ɗauko daga gida, ya nuna musu abin da zai yi amfani a nan da wanda sai an ajiye. Yana da haƙurin koyarwa. Ni kaɗai ne bai samu hanyar koya wa ba.

Dalilin tafiyarsa ban san shi ba sai bayan mun binne shi. Matarsa Hadiza ta kawo mini shayi, na ce mata, cikin irin maganar tsofaffi, Allah ya ji ƙansa, Lyon ta fi masa Paris albarka shi ya sa ya guje mu. Ta ajiye kofin ta ce, "Yaya Lawali, aikin da ya bari can ya fi na nan. Ce mini ya yi ba zai iya ce maka a'a a gaban mutane ba, ba kuma zai iya ci gaba da ɓata aikin mutane yana sane ba. Ya ga in ya zauna dole ɗaya ta faru, shi ya sa ya ba ka wuri."

Abin da na kira butulci shekara da shekaru, ashe girmamawa ce. Ya zaɓi ya yi nisa da ni don kada ya kunyata ni, ni kuwa na hukunta shi a kan haka har ya koma ga Allah. Girman kai rawanin tsiya ne, na ɗaura shi na ɗauka gadon mahaifina ne.

Abin da ya rage na Sanusi yana da yawa: aikin da ake takawa lafiya, 'ya mai hankali, da shaidar mutane cewa bai taɓa ɗaga wa na gaba da shi murya ba. Wannan shaida ta ƙarshe ita ke ci mini rai, don na san abin da ta ci masa. Ina roƙon ku, ku da kuke yayye da iyaye a gida da waje. Tarbiyyarmu ta ɗaure bakin ƙannenmu a gabanmu, su ba za su kwance ba, mu ne za mu kwance musu. In ƙaninka ya matso kusa ya rage murya ya ce maka "Yaya, ba haka ake yi ba," ka sani ya daɗe yana tara ƙarfin faɗar wannan. Ka ja shi gefe ka ji sauran maganar. Ni ban ji ba, kuma wanda zai ƙarasa mini ita ya tafi. Allah ya ji ƙan Sanusi, ya sa ya huta.