Ruwan Sanyin da Ke Kusa da Gonata

Shekarar da kanal ɗin ban-ruwa ya ci 'yata, alkama na shuka. An tsamo ta wajen wata gada a hanyar Bunkure, aka yi mata sutura, bayan kwanakin zaman makoki na koma ban-ruwa. Mutane suna ta yaba haƙurina. Ni dai na san ban ji komai ba ne. Tuwo ma ina ci, amma ko an manta gishiri a miya ba zan gane ba.

Sai dai wani lokacin abin yakan taso min ba sallama. Zafi ya hau daga ciki zuwa wuya, kunnuwana su toshe, in na dawo hayyacina in tarar na fasa randa ko na ɓalle ƙyaure. Ran da na jefi wani dillalin tumatir da kwando a kasuwa, yayana ya tara 'yan gida a zaure.

Ya ce, "Ka sake ɗaga wa wani hannu, gidan mari za mu kai ka a ɗaure. Gonar kuma ƙaninmu ya riƙe."

Gonar nan ita ce ɗan abin da aka mayar min bayan gwamnati ta yanka filayenmu ta haƙa kanal. Ba ni da komai sai ita.

Tsohuwarmu ce ta dage a fara gwada asibiti. Aka kai ni birni, ɓangaren masu taɓin hankali. Likita ya ba ni ƙwayoyi masu sa barci, ya haɗa ni da wata nas, babbar mace mai kaifin baki. Ta ajiye min kwanon ruwa mai ƙanƙara a kan benci.

Ta ce, "Malam, ja numfashi ka riƙe, ka tsoma fuskarka."

Na ce, "Sista, na yi aji huɗu a firamare fa. Kar ki mai da ni yaro."

"To ɗan aji huɗu, tsoma. Ba a faɗuwa wannan jarrabawar."

Na tsoma. Da na ɗago, bugun ƙirjina ya ragu, ban kuma ji daɗin cewa gaskiyarta ce ba. Ranakun da na yi ta komawa, ta koya min sauran. In na ji wuyana ya ɗau zafi, in faɗa da bakina cewa ga fushi ya zo. In jikina ya ce in matsa gaba, in ja baya. In buɗe tafin hannuna, in zauna a ƙasa, in fitar da numfashi a hankali kamar mai hura koko. Ta ce in riƙa gwadawa tun ina lafiya, don in abin ya zo ba lokacin koyo ba ne. Ba ta tambaye ni inda zan samu ruwan sanyi a gona ba. Ni ma ban gaya mata ba.

Alkamar ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta jure ƙishi. Ranar da ruwa yake namu na je da hantsi, na tarar maƙwabcina na sama ya datse ƙaramar magudanar da laka, ya jera bututansa duka suna zuba a tasa gonar. Yana tare da surukinsa, suna cin rogo.

Na ce, "Yau ai ranata ce."

Ya ce, "A'a, mutanen birni! An sallamo ku ke nan? Zo ka buɗe mana, in ka isa."

Ya san sharaɗin yayana. Duk garin an sani.

Fartanya tana hannuna. Wuyana ya ɗau zafi. Na ce, "Ga fushi ya zo." Da ƙarfi na faɗa, suka kwashe da dariya. Surukin ya ce, "Ka gaishe shi, ka ce muna cin abinci."

Na ajiye fartanyar na juya. Na haura bakin babban kanal, wanda tun da abin ya faru ko kallonsa ba na yi. Na kwanta rub da ciki a kan simintin, na riƙe numfashi, na tsoma fuskata. Na buɗe ido a ciki. Na zaci zan ji wani abu game da 'yata. Ruwa ne kore, da ɗan gansakuka yana wucewa, sai sanyi har cikin haƙora.

Na dawo na zauna a kan kunyar gonata, hannuwana a buɗe a kan gwiwa, rigata tana ɗiga. Suka gaji da tsokana suka koma kan rogonsu. Sai bayan la'asar maƙwabcin ya cire lakar, lokacin ruwan ya ja baya. Rabin gonar ya sha, rabin bai sha ba.

Da labari ya je gida, yayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhamdu lillahi, ka warke." Tsohuwa ta yi kuka. Na tsaya ina kallonsu har suka gama.

Gona tana hannuna har yau. Maƙwabcin kuma ya gane ba zan taɓa shi ba, don haka duk rani sai ya sha ya ƙoshi nake samun ragowa. Nakan zauna a kan kunya in jira.